Transfermarkt: Shin ƙimar da yake yi wa 'yan wasa ta isa a ce an yi tsada?

Da zarar an sanar cewa wata ƙungiya ta zuba maƙudan kuɗi a kan ɗan wasa, tun kafin a gama gwada lafiyarsa hoton shafinsa na Transfermarkt, shafin intanet mai tattara bayanan 'yan ƙwallon ƙafa da ƙiyasta darajarsu, ya fara yawo: ga abin da aka biya, ga ƙimar da shafin ya yi masa, saboda haka an yi wa masu sayen wayo. Magoya baya na yin haka, 'yan jarida na yi, har su kansu ƙungiyoyin ba a bar su a baya ba, domin Lyon ta Faransa ta sha kawo alƙaluman shafin a rahoton kuɗin da take gabatar wa masu hannun jarinta. Tun da shafin ya zama alƙalin wannan gardama, ya kamata shi ma a zaunar da shi a ga abin da ya iya da wanda bai iya ba.

A matsayin ma'ajiyar bayanai, babu wani shafi na kyauta da ya kama ƙafarsa. Amma idan tambayar ita ce ko ɗan wasa ya ci kuɗinsa, to babbar lambar nan da ke kusa da hotonsa ita ce mafi rauni a duk abin da ke shafin, kuma ita aka fi ɗauka.

Kamfanin Jamus ne, hedikwatarsa na Hamburg. Matthias Seidel ya kafa shi a 2000, sannan a 2008 kamfanin Axel Springer, mai jaridar Bild, ya sayi kashi 51 cikin 100. Ana shiga ba tare da biyan ko sisi ba, akwai shi da harsuna da dama, akwai kuma manhajarsa ta waya. Da talla yake ci, kuma ana ji a jiki: a waya tallan kan rufe rabin fuska, shafi ya riƙa tsalle yana lodi har mutum ya taɓa abin da bai yi niyya ba. A kwamfuta ya fi daɗin aiki nesa ba kusa ba, saboda jadawalansa masu faɗi ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba na'ura ce ke fitar da ƙimar ba. Masu rajista a shafin ne ke muhawara a kan kowane ɗan wasa, kowa ya kawo adadinsa da hujjarsa: shekaru, ƙoƙari a fili, matakin gasar da yake bugawa, sauran wa'adin kwantiragi, ƙungiyoyin da ke zawarcinsa, da farashin da aka sayar da sa'o'insa. Daga nan masu kula da gasar su yanke hukunci. Ba ƙuri'a ake kaɗawa ba, ba kuma matsakaicin adadin da aka faɗa ake ɗauka ba. Hujjar mutum ɗaya na iya rinjayar ra'ayin mutum ashirin. Ana sabunta ƙimar kowace gasa sau kaɗan a kaka, kuma shafin da kansa ya bayyana cewa ba hasashen kuɗin da za a biya yake yi ba. Ƙiyasi ne na darajar ɗan wasa a kasuwar da babu wanda aka matsa wa lamba, mai saye ko mai sayarwa. Matsalar ita ce irin wannan kasuwa ba ta ci a ƙwallon ƙafa.

Ga misali biyu da suka isa su nuna inda gizo ke saƙar. A Agustan 2022 Manchester United ta biya Ajax Yuro miliyan 95 da ƙarin miliyan 5 na tsarabe-tsarabe (kuɗin da sai an cika wasu sharuɗɗa ake biya) a kan Antony, a lokacin da shafin ke cewa Yuro miliyan 35 ne darajarsa. Bayan shekara uku aka sallama shi ga Real Betis a kan kusan miliyan 25. Duk mai kare shafin zai ce ai ga shi nan, sun faɗa. To a koma Janairun 2018, lokacin da Liverpool ta biya Southampton fam miliyan 75 a kan Virgil van Dijk, kuɗin da ba a taɓa biya a kan mai tsaron baya ba kafin nan. Ƙimarsa a shafin a ranar ba ta kai rabin wannan kuɗi ba. Giɓin kusan iri ɗaya ne da na Antony. Ɗaya ya zama asara, ɗayan ya zama ginshiƙin tawagar da ta ci Gasar Zakarun Turai a 2019 da Firimiya a 2020. Wanda ya dubi giɓin kawai a ranar ciniki, hukunci ɗaya zai yanke wa duka biyun.

Akwai kuma wani hali na shafin da ya kamata a sa wa ido: yana bin kasuwa ne a baya. Makonni kaɗan bayan cinikin Antony, ƙimarsa ta yi tsalle zuwa miliyan 75, ba don ya yi wani abin a zo a gani a Old Trafford ba, sai don an biya kuɗin. Haka aka yi da Neymar. Lokacin da Paris Saint-Germain (PSG) ta biya Barcelona Yuro miliyan 222 a 2017, miliyan 100 shafin ke ba shi, daga baya ya hau 150, ya kai 180. Ma'ana, idan ka buɗe shafin wata shida bayan ciniki ka ga ƙimar ta yi kusa da farashin, ba shaida ka samu cewa an saya daidai ba. Farashin ne ya jawo ƙimar. Maganin wannan yana cikin shafin kansa. A jadawalin tarihin sauye-sauyen ƙungiya, kowane layi na ɗauke da kaka, kwanan wata, ƙungiyar da ya bari, wadda ya koma, ƙimarsa a wannan ranar, sai kuɗin da aka biya. Wannan ƙimar ta ranar ciniki ita za a duba, ba wadda ke saman shafi ba.

Abin da ke haddasa giɓin kuwa, mafi yawansa ba ya cikin ƙafar ɗan wasan. Na farko shi ne halin da mai saye ke ciki. Duniya ta san Barcelona na riƙe da kuɗin Neymar kuma tana neman wanda zai maye gurbinsa kafin a rufe kasuwa, shi ya sa Borussia Dortmund ta tsaya kai da fata har sai da ta karɓi Yuro miliyan 105 da alƙawarin ƙarin miliyan 40 a kan Ousmane Dembélé, yaro ɗan shekara 20 da ƙimarsa a shafin ba ta kai miliyan 40 ba. A Janairun 2018 Liverpool ta karɓi miliyan 120 da ƙarin 40 daga Barcelona a kan Philippe Coutinho, wanda aka ba Bayern Munich aro, ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan nan na 8 da 2 a 2020, aka ƙare da sayar da shi ga Aston Villa a kan miliyan 20 a 2022. Kamar wanda ya shiga kara ne ana gobe Sallah bai sayi rago ba. Dillali ya gama karanta shi tun daga bakin ƙofa. Babu wani gurbi a Transfermarkt da ke nuna wannan matsuwa.

Sai kuɗin fansa, wato adadin da aka rubuta a kwantiragi cewa duk wanda ya ajiye shi zai tafi da ɗan wasan ko ƙungiyarsa ba ta so. Wannan yana jan farashi ko'ina, sama ko ƙasa. Manchester City ta ɗauke Erling Haaland a 2022 a kan Yuro miliyan 60 alhali shafin na cewa miliyan 150, saboda abin da ke rubuce a yarjejeniyarsa da Dortmund ke nan. Chelsea kuma ta biya miliyan 80 a kan mai tsaron raga Kepa Arrizabalaga a 2018, saboda golanta Thibaut Courtois na kan hanyar Real Madrid, lokaci ya ƙure, Athletic Bilbao kuwa ba ta ciniki ƙasa da kuɗin fansa. A 2025 Arsenal ta saye shi a kan fam miliyan 5.

Gasar Firimiya na da nata ƙarin. Kuɗin talabijin ya sa ko ƙungiyar da ke tsakiyar teburi ba ta cikin yunwar da za ta sallama gwarzonta da araha, kuma masu sayarwa daga wasu ƙasashe na ɗaga farashi da zarar sun ji mai tayin daga Ingila yake. Ga kuma dokar rajista: a jerin 'yan wasa 25, ba a yarda waɗanda ba tashin gida ba su wuce 17, kuma tashin gida shi ne wanda ya yi kaka uku a wata ƙungiyar Ingila ko Wales kafin ya cika shekara 21, ko ɗan wace ƙasa ne. Wannan na cikin dalilan da suka kai Jack Grealish fam miliyan 100 a 2021 da Declan Rice miliyan 105 a 2023. Masu yin ƙima a shafin suna ɗan sa wannan a lissafi, amma kullum a baya suke.

Yanzu ga inda shafin ya cancanci yabo, kuma yabon ba kaɗan ba ne. A shafin kowane ɗan wasa akwai ranar haihuwa, tsawo, ƙafar da ya fi amfani da ita, wuraren da yake bugawa, kamfanin da ke wakiltarsa, ranar da ya zo ƙungiyar, ranar da kwantiraginsa zai ƙare, da ko akwai zaɓin tsawaitawa. Ranar ƙarewar kwantiragin nan ta fi ƙimar amfani sau goma. Tun hukuncin Bosman na 1995, wanda kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya kyauta, kuma idan saura wata shida yana da damar ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar wata ƙasa. Saboda haka ɗan wasan da ya rage masa shekara ɗaya, mai sayarwa ne ke cikin matsi. Da wannan ma'auni za a gane cewa Real Madrid ta yi sakaci a cinikin Eden Hazard tun kafin rauni ya shigo: Yuro miliyan 100 na farko a 2019, a kan ɗan shekara 28 da saura shekara ɗaya ya zama na kowa. Abin da ya biyo baya, ƙwallo 7 a wasa 76 da raba gari a 2023 ba tare da an samu ko kwabo ba, ƙari ne a kan kuskuren farko.

Sashen tarihin rauni ma abin a yaba ne. Yana jera kowane rauni da irinsa, ranar farawa, ranar dawowa, yawan kwanaki da yawan wasannin da aka rasa. A nan ba jimillar kwanaki ake dubawa ba, maimaituwa ake nema. Karaya guda da ta ci wata huɗu ta warke ba abin tsoro ba ce kamar ciwon tsokar bayan cinya da ke dawowa sau uku a kaka, musamman ga ɗan wasan gefe da gudu ne jarinsa. Sai dai shafin tarihi yake bayarwa, ba duba yake yi ba. Dembélé ya zo Barcelona ba shi da wani tarihin jinya na ku zo ku gani, a watan Satumbar 2017 tsokar cinyarsa ta yage a filin Getafe, daga nan aka shiga shekarun jinya. Shi ne kuma dai aka sayar wa PSG a kan kusan miliyan 50 a 2023, ya ɗauki Ballon d'Or a 2025. A ƙananan gasanni wannan sashe ba cikakke ba ne, don haka rashin ganin rauni a shafin ɗan wasan wata ƙaramar gasa ba ya nufin lafiyarsa ƙalau.

Sai mintunan wasa, waɗanda ake iya tacewa kaka-kaka da gasa-gasa. Yawan wasa yana ruɗi, domin wanda aka sako saura minti biyar shi ma an rubuta masa wasa ɗaya. Mintuna ba sa ƙarya.

Gurbin kuɗin ciniki yana buƙatar taka-tsantsan fiye da yadda ake zato. Galibin ƙungiyoyi ba sa bayyana abin da suka biya, don haka lambar daga rahotannin jaridu take fitowa. Inda babu rahoto sai a sa alamar tambaya. Yawanci adadin da aka tabbatar za a biya ake fara sawa, sannan a riƙa ɗaga shi a hankali idan sharuɗɗan tsarabe-tsarabe sun cika. Shi ya sa wanda ya duba cinikin Hazard ko na Dembélé a yau zai ga lambar da ta haura wadda aka sanar a lokacin, kuma shafin ba ya rarrabe maka uwar kuɗi da ƙarin. Ba ya kuma nuna cewa kusan duk babban ciniki kashi-kashi ake biyansa a shekara uku zuwa biyar. A duba alamar kuɗin ma, domin jaridun Ingila da fam suke magana, shafin kuwa ya fi amfani da Yuro, kuma gardama da yawa daga nan take tasowa.

Haka nan abin da mai saye ya biya ba shi ne abin da mai sayarwa ya saka aljihu ba. A cinikin da ya tsallaka ƙasa, dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 ga ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasan daga shekara 12 zuwa 23. Ga kuma kason tsohuwar ƙungiya. Benfica ta ɗauko Enzo Fernández daga River Plate a tsakiyar 2022 a kan Yuro miliyan 10 da ƙarin 8, amma River ta riƙe kashi 25 cikin 100. Da Chelsea ta biya miliyan 121 a Janairun 2023, kaso mai tsoka ya wuce Ajantina. Jadawalin shige da fice na ƙungiya a shafin, wanda ke nuna abin da ta kashe da abin da ta samu a kowace kaka, bai cire waɗannan ba, saboda haka ribar da yake nuna wa ƙungiyoyin da ke rayuwa da sayar da 'yan wasa ta fi ta gaskiya.

Mafi hatsari su ne cinikayyar musanye, inda farashin ba na kasuwa ba ne, na littafin lissafi ne. A 2020 Juventus ta sayi Arthur daga Barcelona a kan Yuro miliyan 72, Barcelona ta sayi Miralem Pjanić daga Juventus a kan miliyan 60. Kuɗin da ya motsa a zahiri bambancin ne kawai, amma kowace ta rubuta riba mai yawa a shekarar. A cinikin Victor Osimhen daga Lille zuwa Napoli a wannan shekarar, wanda ya kai kusan miliyan 70, an haɗa da gola Orestis Karnezis da matasa uku da aka yi wa kuɗi kusan miliyan 20 gaba ɗaya, kuma matasan ba su taɓa buga wa Lille wasa ba. Masu gabatar da ƙara na hukumar ƙwallon Italiya sun kai maganar gaban kotun wasanni, suna kwatanta farashin da ƙimar Transfermarkt, amma a Afrilun 2022 kotun ta wanke ƙungiyoyin bisa hujjar cewa babu tsayayyen ma'aunin da za a ce shi ne darajar ɗan wasa. Maki 10 da aka zaftare wa Juventus a 2023 ya biyo bayan sababbin hujjoji ne da masu binciken Turin, garin Juventus, suka tattaro, ba alƙaluman shafin ba. A Ingila ma an ga irin wannan a ƙarshen Yunin 2024, dab da rufe lissafin shekara, lokacin da Chelsea ta biya Aston Villa fam miliyan 19 a kan Omari Kellyman, wanda wasanninsa a babbar tawaga ba su kai goma ba, Villa kuma ta sayi Ian Maatsen daga Chelsea. Duk cinikin da ka ga ƙungiyoyi biyu sun yi wa juna a mako guda, musamman a ƙarshen Yuni, kada ka sa farashinsa a cikin waɗanda za ka kwatanta wani da su.

Babban giɓin shafin gaba ɗaya shi ne albashi. Shafin ɗan wasa ba ya nuna shi, ba ya nuna kuɗin sa hannu, ba ya nuna la'adar wakili. Kylian Mbappé ya koma Real Madrid a 2024, a gurbin kuɗi an rubuta kyauta, alhali kuɗin sa hannunsa kaɗai ya isa sayen babban ɗan wasa. A cinikin Paul Pogba na Yuro miliyan 105 a 2016, Juventus da bakinta ta ce miliyan 27 ya tafi ga wakilinsa Mino Raiola. Ba tare da waɗannan ba, duk maganar tsada ko araha rabin magana ce.

Ga yadda ƙungiyoyi ke lissafin, kuma duk mai son ya yi hukunci da hujja zai iya bi. Ana haɗa kuɗin saye da la'ada, a raba su a kan shekarun kwantiragi, a ɗora albashin shekara. A ɗauka an sayi ɗan shekara 22 a kan miliyan 80, la'ada miliyan 5, kwantiragin shekara biyar, albashi dubu 200 a mako. Miliyan 85 a raba biyar ya ba da 17 a shekara. Albashi sau mako 52 ya ba da miliyan 10.4. Jimilla miliyan 27.4 kowace shekara. A gefe guda a ɗauka an samu ɗan shekara 31 a kyauta, kuɗin sa hannu miliyan 15, la'ada 5, shekara huɗu, albashi dubu 350 a mako: miliyan 5 da miliyan 18.2, wato 23.2 a shekara. Tazarar miliyan huɗu ce da 'yan kai tsakanin na miliyan 80 da na kyauta. Kuma bayan shekara uku na farkon yana da shekara 25, ana iya sayar da shi. Na biyun yana da 34, ba mai taya shi, ga albashin da ba mai iya ɗauka.

A ci gaba da na farkon. Bayan shekara uku an cinye miliyan 51 daga cikin 85, saura 34 a littafi. Idan aka sayar da shi miliyan 50, magoya baya za su ce an faɗi da miliyan 30, akanta kuwa zai rubuta ribar miliyan 16. Ainihin abin da ya ci wa ƙungiyar shi ne 85 a haɗa da albashin shekara uku, miliyan 31.2, a cire 50: miliyan 66.2, kusan 22 a shekara. Yanzu sai a koma Transfermarkt a ɗauko mintuna. Idan yana buga minti 2,700 a kaka, cikakken wasa 30 ke nan, kowane wasa ya tashi a kan kusan dubu 735. Idan minti 900 yake samu, kowane wasa ya haura miliyan 2. Wannan lambar ce za a ajiye kusa da ta wanda yake gasar gurbi da shi. Da wannan hanya za a ga inda United ta tsaya a kan Antony: miliyan 95 a shekara biyar, 19 a shekara, saura 38 bayan shekara uku, aka sayar kusan 25, wato faɗuwar kusan miliyan 13 a littafi, ban da albashin da aka biya.

Wannan lissafi ne ya sa Chelsea ta riƙa ba da kwantiragin shekara takwas da rabi, kamar na Enzo da na Mykhailo Mudryk. Miliyan 121 a shekara takwas da rabi ya kama 14 da ɗoriya a shekara, a shekara biyar kuwa 24 da ɗoriya. UEFA ta toshe wannan ƙofa a tsakiyar 2023 ta ƙayyade rabon a kan shekara biyar, Firimiya ta bi sahu a Disambar shekarar. Don haka ga sababbin cinikayya, ko kwantiragin da ka gani a shafin na shekara bakwai ne, da biyar za ka raba. Abin ba wasa ba ne, domin dokar Firimiya ta wancan lokaci, wadda ta hana faɗuwar da ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku, ita ta jawo wa Everton da Nottingham Forest zaftare maki a kakar 2023/24, UEFA kuma ta ƙayyade abin da za a kashe a kan albashi, kuɗin saye da la'ada zuwa kashi 70 cikin 100 na kuɗin shiga.

Wani rauni kuma shi ne ingancin ƙimar ya danganta da yawan masu muhawara. A Bundesliga da Firimiya idanu sun yi yawa, kuskure ba ya daɗewa. A gasannin da ba a cika kallo ba, mutane ƙalilan ne ke yanke hukunci, sabuntawa na jinkiri, kuma a can ne ainihin araha take. Brighton ta ɗauko Moisés Caicedo daga Independiente del Valle ta Ekwado a 2021 a kan abin da bai kai fam miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea a kan miliyan 115 a 2023. Napoli ta sayi Khvicha Kvaratskhelia daga Dinamo Batumi ta Jojiya a 2022 ƙasa da Yuro miliyan 15, PSG ta biya kusan 70 a Janairun 2025. Leicester ta samu N'Golo Kanté daga Caen a kan fam miliyan 5.6 da Riyad Mahrez daga Le Havre ƙasa da rabin miliyan. Ba ƙimar shafin ce ta tono ko ɗaya daga cikinsu ba. Masu farautar 'yan wasa ne da bidiyo da alƙaluman wasa. Abin da shafin zai iya yi a nan shi ne tacewa: akwai binciken da za ka sa shekaru, gurbi, gasa da shekarar ƙarewar kwantiragi ya fitar maka da jeri, akwai kuma jerin waɗanda ba su da ƙungiya. Wajen fara nema yana da kyau ƙwarai.

Sashen jita-jita, mai ɗauke da kason yiwuwar komawar wane ƙungiya kaza, ra'ayin masu shiga shafin ne kawai. A wuce shi.

Idan ana son ra'ayi na biyu a kan ƙima, akwai CIES Football Observatory da ke Neuchâtel a Suwizalan. Su lissafin kwamfuta suke yi bisa dubban cinikayyar da aka riga aka yi, kuma suna ba shekaru da tsawon kwantiragi nauyi sosai, shi ya sa matashi mai dogon kwantiragi kan fito da tsada a wurinsu fiye da a Transfermarkt. Sun fi kusa da amsa tambayar nawa za a biya, amma abin da suke saki kyauta kaɗan ne. Idan su biyun suka yi hannun riga a kan ɗan wasa, yawanci kwantiragi ne sanadi, sai a koma a duba ranar ƙarewarsa. Na albashi kuwa akwai Capology, wanda mafi yawan alƙalumansa ƙiyasi ne, kuma dole a lura ko kafin haraji ne ko bayansa, domin a Ingila albashin mako kafin haraji ake faɗa, a Italiya kuwa na shekara bayan haraji.

Tabbataccen adadi yana wurin ƙungiyoyin da ke kasuwar hannun jari, irin su Juventus, Benfica, Porto, Ajax da Dortmund, waɗanda doka ta tilasta wa sanar da manyan cinikayyarsu. Sanarwar Juventus kan faɗi uwar kuɗi, ƙarin tsarabe-tsarabe, shekarun da za a biya da ribar da aka rubuta. Ta Benfica kan faɗi har da la'ada da kason wasu. Ƙungiyoyin Ingila kuma suna ajiye lissafinsu na shekara a Companies House, inda kowa zai iya karantawa kyauta ya ga jimillar albashi da bashin kuɗin sayen 'yan wasa da ake bin su. Duk inda irin wannan takarda ta saɓa da lambar da ke Transfermarkt, ta ƙungiyar za a ɗauka, domin shi kansa shafin daga nan yake gyara nasa.